Sababbin Fitilun Alhaji Labbo

A shekarun da burodin leda ya fara cin kasuwa a Gusau, wajen 1998, Haliru ne ke yi wa masu gidan burodi farantin buga suna. Farantin na roba ne mai taushi. Ana ɗora masa fim ɗin rubutu, a sa shi cikin akwatin fitilu. Inda haske ya taɓa sai ya taurare, a wanke sauran, haruffa su fito tsaye. In haske ya gaza, haruffa su zube wurin wanki. In ya yi yawa, cikinsu ya toshe. Shi ya sa duk sanda aka sauya fitila Haliru kan yanki siririn ƙyalle daga gefen roba, ya rufe shi da baƙar takarda, ya riƙa janye ta kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin haske, har ya gano lokacin da ya fi ba da harafi mai tsabta.

Shagon da yake aikin na Alhaji Labbo ne, ɗan kasuwar hatsi, kuma mahaifin Huseina matar Haliru. Tun da aka ɗaura auren Haliru bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya mayar masa da magana.

Wata Juma'a Haliru ya tafi ta'aziyya Tsafe. Kafin ya dawo Alhaji ya sa an cire tsofaffin fitilun, an ɗaura sababbi da ya sayo a Kano. Da safe Haliru ya ga hasken ya ninka, ya ɗauko almakashi. Alhaji, wanda ya zo ganin kyautarsa na aiki, ya ce ba zai zauna yana kallo a mayar masa da robar Legas ƙyallen tela ba. Fitila ai fitila ce, a yi aiki da lokacin da aka saba.

"To, Baba," in ji Haliru, kansa a ƙasa.

Farantin ya fito a toshe. Da aka gwada shi a kan leda, sunan gidan burodin ya zama dunƙulen tawada.

Ana cikin haka Malam Sabiru mai gidan burodin ya sauko daga motar Bungudu. Ya ɗaga ledar, ya juya ta, ya tambaya ko burodi zai sayar ko gawayi. Alhaji bai yi wata-wata ba ya ce laifin yaran zamani ne, an kawo musu kayan aiki sabo ful amma hannu ya gagara. Ya ƙara da cewa don darajar 'yarsa kawai yake haƙuri.

Maganar ta soki Haliru. Shi da masu burodi daga 'Yandoto har Ruwan Bore ke kiran sunansa in ana zancen faranti, yau shi ne marar hannu? Ya san gobe zancen zai zagaye tasha, domin Sabiru ya riga ya ce Kaduna zai kai aikinsa, kuma zai gaya wa 'yan uwansa su ma su kai. Roba kuwa ɗaya ta rage a kwali.

Ya jawo ta ya shimfiɗa a tebur.

"Mi za ka yi?" in ji Alhaji.

Haliru ya ɗago ya dube shi. "Baba, ka gafarce ni. Gwaji zan yi. Fitilun nan sun fi na da ƙarfi, kuma ba a gaya mini za a sauya su ba."

Ya yanki ƙyallen. Sabiru ya dubi ƙasa. Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Gwajin ya nuna rabin lokacin da aka saba ma ya isa. Kafin la'asar Sabiru ya hau motar Bungudu da faranti mai kyau a jakarsa, kuma bai je Kaduna ba.

Amma da Haliru ya je gaida surukinsa ranar Juma'a, ya daɗe a durƙushe a zaure kafin aka aiko masa cewa Alhaji yana hutawa. Huseina ta dawo daga gidansu idonta jawur, ta ce ana ta faɗin mijinta ya dubi mahaifinta ido cikin ido a gaban baƙo. Haliru ya ce haka ne, ya duba. Ya ɗauki buta ya fita alwala, ransa na tafasa.