Jegon Gidan Nezir

Ilhana ta iso ƙauyenmu da cikin wata huɗu, ƙanƙara ba ta gama narkewa daga kan rufin gidaje ba. Mijinta Edhem ne ya kawo ta. Direban babbar mota ne a Slovenia, takardun da za ta bi shi da su ba su fito ba, gidan da suke haya a birnin Zenica kuma mai shi ya sayar. Uwarta ta rasu lokacin yaƙi tana ƙarama, ba ta da ya, ba ta da ƙanwa. Sai ya ajiye ta wurin mahaifinsa Nezir, ya kwana biyu ya koma bakin aiki.

Gidana yana kallon na Nezir. Tare muka yi makaranta, ya shiga daji saran itace, ni na kama tuƙin motar haya tsakanin garin Olovo da ƙauyuka, muka tsufa kowa a ƙofar gidansa. Matata ta riga tasa rasuwa. Tasa, Hanifa, shekara biyu ke nan da binne ta. Ita ce mai ganyayen magani a ƙauyen. Ta tafi ta bar su ɗaure-ɗaure a rataye a saman rufi, babu suna a jikin ko ɗaya, don ita hancinta ya ishe ta.

Mace ɗaya ce ta rage da ta san abin da Hanifa ta sani, wato Zumreta, wadda shinge kawai ya raba gidanta da na Nezir. Tare suke hawa tudu tsinkar ganye tun suna amare. Amma ranar zaman makoki Zumreta ta faɗa a gaban mutane cewa Nezir ne ya ƙarasa matarsa, da ya kai ta kwasar ciyawa tana tari. Daga ranar ko sallama ba ta ƙara haɗa su ba.

Na ce masa, "Nezir, yarinyar nan mace take bukata kusa da ita. Ga Zumreta nan."

Ya ce, "Ka ga na yi kama da mai bara?"

"Ka yi kama da wanda bai taɓa dafa komai ba sai gahawa."

"Na karɓi haihuwar shanu sun fi gashin da ya rage a kanka."

"Saniya ba ta laulayi."

Ilhana kuwa laulayi ya kama ta da gaske. Ƙamshin albasa kaɗai sai ya fitar da ita tsakar gida, don haka tukunya ta koma hannun surukinta. Ni na kai su asibitin Olovo, likita ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ba ta ƙwayoyi, ta ce a dage da hanta da ganye. Nezir ya cire hula ya tambaya ko miyar kopriva ta halatta, ganyen nan mai ƙaiƙayi da ke fitowa gindin shinge. Likita ta ce in an dafa shi miya ce kamar kowace miya.

Da ƙasa ta yi ɗumi sai ga shi kullum da hantsi a bakin rafi da kwando, yana tsinkar kan kopriva da hannu tsirara, don fatarsa ta daɗe da daina jin komai. Shekara arba'in yana shan miyar, bai taɓa kallon yadda ake yin ta ba. Ta farko gishiri ya kashe ta. Ta biyu ta yi kauri har cokali yana tsayawa. Ilhana ta sha duka biyun haka nan, sai a ta uku ta zauna a bakin ƙofar kicin ta toshe hanci da gefen ɗankwali tana ba shi umarni daga nesa.

"Babo, garin ya isa haka. Soya shi a man shanu tukuna."

"Haka marigayiya take yi?"

"Ban sani ba, Babo. Haka dai ake yi."

"To, ƙwai fa?"

"Sai an sauke."

Daga nan abin ya miƙe. Yana gasa mata hanta, yana tuƙa tuwon masara ya zuba man shanu da kindirmo, yana jiƙa busassun 'ya'yan itace su kwana ta sha ruwan da safe. Fuskarta ta ciko. Wata rana na ga Zumreta ta miƙo mata kwalbar pekmez ta saman shinge, zumar tuffa da take dafawa duk kaka, ta ce ta riƙa shan cokali guda kafin karin kumallo. Nezir ya ga kwalbar a kan tebur. Bai hana ba, bai kuma taɓa sa cokalinsa a ciki ba.

Ta haihu lokacin yankan ciyawa, a asibiti, namiji. Edhem yana can wajen Italiya da kaya, ta waya ya ji kukan ɗansa, ya ce a sa masa Ilyas. Zumreta ma ba ta nan, ta tafi Sarajevo jinyar 'yarta. Jego ya rage daga Nezir sai Allah.

Abin da ya sani ya yi. Mai jego ba ta ƙetare ƙofar gida sai ta yi arba'in, ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta zama inda iska ke ratsawa. Ya rufe tagogi duk da zafin da ake yi. Ya fara yanka kajinsa ɗaya bayan ɗaya, yana dafa romo da karas da sha'ir har nama ya rabu da ƙashi. Shi ke wanke zanin jariri ya shanya, mu tsofaffin banza muna zaune gindin bishiya muna yi masa dariya.

Na ce, "Inna Nezira, yau me aka dafa mana?"

Ya ce, "Abin da ba za ka ɗanɗana ba, mai kan kabewa."

Sati na biyu Ilhana ta fara gumi, ta jiƙe riga sharkaf, maƙogwaronta kuma yana ciwo. Nezir ya hau saman rufi ya bi ɗaurin ganyayen yana sunsunawa har ya gane kadulya, wata ciyawa mai ƙamshi. Ita ya sani sarai, don duk sanda mura ta kama shi ita Hanifa ke dafa masa, ta kwantar da ciwon wuya ta tsayar da gumi. Ya sauko da ɗauri guda, ya riƙa cika buta yana sa zuma, yana ajiye mata a gefen gado safe da rana da yamma. Gumin ya tsaya, wuyan ya warke. Ya ga abin ya karɓe ta, sai ya ci gaba.

Yaron ya fara kuka. Ya kama nono ya saki, ya sake kamawa ya saki. Da nas mai zagayen ƙauyuka ta zo ta ɗora shi a sikeli, ta ce bai ƙaru yadda ya kamata ba. Ta tambayi abin da uwar ke ci. Nezir ya lissafa romo da hanta da tuwo da madara, nas ta ce babu laifi a ciki. Shayin bai zo masa a rai ba, don a wurinsa shayi ba abinci ba ne. Ta bar musu madarar gwangwani, ta nuna yadda ake haɗawa, ta ce a riƙa ba shi bayan nono.

Ilhana ta ɗauki abin a kanta. Nezir ya gaya mini ya ji tana ce wa mijinta a waya ita ba a shayar da ita ta ƙoshi ba, ina za ta iya shayar da wani. Shi kuma abin da ya iya shi ya ƙara: ya yanka wata kazar, ya ƙara cika butar.

Zumreta ta dawo ana cikin haka. A wurinmu barkar haihuwa ba ta san gaba ba, ko kun yi shari'a sai ka je. Ta zo da la'asar da faranti an rufe da tawul da 'yar rigar saƙa. Ina zaune a barandar Nezir ta wuce mu kamar ta wuce turaku biyu. Ba ta daɗe a ciki ba ta fito da butar a hannu, murfin a buɗe.

"Wa ya dafa wannan?"

Nezir ya ce, "Ni. Gidana ne."

"Tun yaushe take sha?"

"Tun da wuyanta ya yi ciwo. Ya kuma warke."

"Kadulya! Ka ba mai jego kadulya buta-buta? Nezir, wannan ai shi muke ba mace ranar da za ta yaye ɗa, don nono ya ƙafe. Hanifa ta sha shi a gabanka lokacin da ta cire Edhem. Kana ina?"

Ya ce, "Ina daji."

"Kullum kana daji."

Ta juye butar a gindin shinge. Na zaci zai tashi da faɗa, don na san bakinsa. Sai ya dubi hannuwansa, ya miƙe ya zaga bayan gida, muka ji yana faskare har rana ta faɗi, alhali itacen da ya tara zai kai shi hunturu biyu.

Zumreta ta koma ciki. Ta taga nake jin muryarta.

"Share hawayenki, 'yar nan. Jikinki lafiyarsa ƙalau, tsohon nan ne ya rufe miki famfo da hannunsa, da kyakkyawar niyya kuma, abin haushin ke nan. Sa shi a nono ko babu komai, yana ja yana kira. Kar ki daina ba shi ta gwangwanin, yunwa ba ta jira. Kuma a buɗe tagar nan, jego aka ce, ba gashin burodi ba."

Washegari da safe Nezir ya hau saman rufi ya sauko da ganyayen Hanifa gaba ɗaya, ya jera su a baranda. Sannan ya je bakin shinge ya tsaya, hula a hannu.

"Maƙwabciya."

Ta leƙo. "Lafiya?"

"Zo ki gaya mini sunayensu. Kar in kashe wani."

Ta zo. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana murzawa tana sunsunawa. Wannan na ciwon ciki ne, wannan na tari, wannan kada mai ciki ta kusance shi, wannan ya tsufa a zubar. Ta ware 'ya'yan shammar, masu kawo ruwan nono, ta ce a daka kaɗan a jiƙa a ruwan zafi, kofi biyu a yini ya isa, kuma a gaya wa nas in ta dawo. Da ta kai kan wani ɗauri mai furanni rawaya sai ta tsaya, ta ce tare suka tsinko shi da Hanifa a shekararta ta ƙarshe, suna hutawa sau uku kafin su kai kan tudu. Nezir ya ce bai san ta hau tudu a shekarar ba. Zumreta ta ce akwai da yawa da bai sani ba. Ba ta janye maganar da ta yi ranar makoki ba, shi ma bai nemi ta janye ba.

Daga ranar aka raba aiki. Ita ke shiga ɗaki, ta gasa wa Ilhana jiki da tawul mai ɗumi, ta gyara mata riƙon yaro. Shi yana kicin. Ta koya masa miyar gari da man shanu da madara, ta ce romonsa ba laifi amma yana tsoron barkono kamar yaro. Ya ce ita kuma tana zuba sukari kamar ba za ta mutu ba. Iyakar hirarsu ke nan, a tsaye, ta ƙofar kicin.

Nonon ya dawo, amma bai dawo duka ba. Ilyas ya tashi da nono da gwangwani tare, ya yi kumatu, nas ta daina ɗaure fuska. Ranar arba'in Ilhana ta yi wanka ta sa rigar da ta zo da ita daga birni, ta fito da yaron a kafaɗa ta zaga gidajen da ke da sauran mutane a ciki, ana shafa masa kai ana sa masa ƙwai a zani. Nezir ya tare ta a ƙofa da ta dawo, ya fara neman afuwa a kan butar. Ta katse shi ta ce, "Babo, wa ya wanke zannuwan jariri?" Ta miƙa masa jikansa ta shige ciki.

Takardun sun fito da kaka. Edhem ya zo da ƙaramar mota ya kwashe su, ya yi ta mamakin yadda kajin gidan suka ƙare sai zakara da kaza biyu. Babu wanda ya ba shi labarin kadulya, sai daga baya matarsa ta gaya masa a can.

Kafin ƙanƙara ta sauka 'yar Zumreta ta matsa mata ta koma Sarajevo gaba ɗaya, don gwiwoyinta ba za su ƙara ɗaukar hunturun tudu ba. Motar kaya ba ta iya hawowa ƙauyen saboda laka. Nezir ne ya ɗaura wa dokinsa amalanke ya sauke mata kayanta zuwa bakin titi, sawu uku, ni ina riƙe da akwatin kwanuka kada su fashe. Da za ta shiga mota ta ba shi makullin gidanta, ta ce ya riƙa duba bututun ruwa, in tuffa ta nuna kuma kada ya bari ta ruɓe a ƙasa. Ya ce zai duba. Muka juyo da amalanke babu kaya, yana gaba yana jan doki, ina baya ina haki.