Ciyayyar da Batula Ta Tayar

A tsakiyar damina, lokacin da gero ya kai tsawon mutum amma bai fitar da kai ba, Lauwali ya sauke ɗiyansa biyu a ƙofar gidan mahaifiyarsa Batula a Fakku. Daga Tambuwal ya ɗauko su a kabu-kabu. Can yake dako a kasuwa, yana loda wa manyan motoci buhunan hatsin da shi kansa ba ya iya saye. Matarsa Atu kuwa suyar masa take yi a da, har tsadar shinkafa da mai ta cinye jarin.

Bayan an gaisa, ya ce wai yaran ne suka matsa sai sun ga kakarsu. Batula ba ta ja maganar ba. Ta riga ta ga yadda wuyan babbar, Hamdiya, ya yi tsawo, ta ga gashin ƙaramin, Bilyaminu, ya yi ja-ja, cikinsa ya fito. Lauwali ko ruwa bai gama sha ba ya miƙe, idonsa a ƙasa, ta raka shi da addu'a.

Ita ma ba wani abu gare ta ba. Dawar da ta rage a rumbu sai an sunkuya sosai ake taɓo ta. Ta yi musu tuwo da miyar lalo, suka ci ba magana, da sauri, kowa ya kare gefensa da hannu. Wannan cin ya tsaya mata a rai fiye da ramarsu.

Ba haka aka ci abinci a gidan nan ba zamanin mijinta, marigayi Sambo. A lokacin, da an sallame magariba kowane gida na unguwar yakan fito da akushinsa gindin durumin ƙofar gidansu, a haɗa a ci tare. Ciyayya ke nan. Tsoho Tambaya, babban cikinsu, shi ke buɗe akusan, kuma da gangan yakan cakuɗa su don kada a san na mai hali da na maras hali. A cikin gida kuwa kwanoni ne ke ta ƙetare danga tsakanin mata: ki aika da dambu, a dawo miki da fura. Sambo yana da shanu, nono bai yankewa, har yaran maƙwabta sukan kwana a tabarmar Batula don sun ƙoshi sun kasa tashi. An yi shekarun fari a lokacin ma, an ci dusa, amma tare aka ci ta.

Shanun sun tafi da ɗai-ɗai. Dattawan sun bi juna zuwa kushewa, durumin ma iska ta kayar da shi. Ba wanda ya ce a daina ciyayya. Kunya ce ta kashe ta, don kowa ya koma ɓoye abin da ke tukunyarsa.

Batula ta lura kwana biyu ba ta ji ƙarar taɓarya daga gidan Mu'minatu ba, maƙwabciyarta da aka kawo su unguwar a shekara ɗaya suna amare. Washegari ta shiga bayan gari ta tsinko tafasa, ta dafa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli da barkono. Ta raba biyu, ta ɗauki rabi da kanta.

Mu'minatu ta karɓe ta da fara'a, amma da ta ga kwanon sai ta ɗaure fuska, ta ce ai yanzun nan suka gama cin abinci. Jikokinta uku suna tsaye a bayanta, idanunsu a kan faifan da aka rufe kwanon.

"Mu'mina, ni kika yi ma wanga zance?" in ji Batula. "Ba sadaka nika kawo miki ba. Ciyayya ta. Gobe ina jiran nawa kwano."

Mu'minatu ta ce ba ta da abin da za ta zuba a ciki. Batula ta ce ko ruwan zafi ne ta zubo, ta ajiye kwanon ta yi tafiyarta.

Kwanon ya dawo da dafaffiyar kabewa, yanka huɗu. Bayan 'yan kwanaki matar Ɗan'iya makiyayi ta ji labari, ta aiko da nono tsala a ƙwarya. Wata ta kawo rama, wata gasasshiyar masara. Da abin ya yi yawa a aike, sai Batula ta ce a riƙa tara yaran a tsakar gidanta kafin magariba. Ta shimfiɗa tsohuwar tabarma, ta jera kwanonin, ta cakuɗa su yadda Tambaya yake yi. Abincin bai taka kara ya karya ba, wata rana ma ganye ne kawai iri uku. Amma yaran da ba a hura wuta a gidansu ba ranar sukan sami abin taɓawa, kuma ba mai sanin ko su waye.

Gida ɗaya ne ya rage, na Alhaji Ɗangiwa, mai sayen hatsi da kaka ya kulle a sito sai ya yi tsada. Batula ta san shi tun yana yawo ba wando. Uwarsa ƙawarta ce, kuma ya sha lasar akushin Sambo. Don haka ta aika gidansa da kwaɗo kamar kowa. Kwanon ya dawo cike da shinkafa da miya har da nama, yara suka yi ta murna. Amma tare da shi aka aiko da saƙo: Alhaji yana gaida Goggo, ya ce ta daina wahalar da kanta, in tana da buƙata ta aiko kawai.

Batula ta gane abin da ake nufi: za a iya ba ta, amma ba za a ci nata ba. Ba ta sake aikawa ba, ba ta kuma aika roƙo ba. Da Mu'minatu ta fara zagin Ɗangiwa, sai ta hana ta, ta ce yaro ne mai kirki a da, ita wancan yaron take tunawa.

A haka aka lallaɓa har gero ya nuna. Ranar da aka fara gasa tumu, hayaƙi ya tashi a kowane gida, yara suna murza zangarniya a tafin hannu suna hurawa, bakinsu duk baƙi. Daga nan kwanonin suka fara raguwa, don kowa ya sami na kansa. Batula ta ji ba daɗi, amma ba ta yi wa kowa ƙorafi ba.

Lauwali ya zo bayan an fara yankan gero. Ya rame fiye da da. Ya ce aiki ya ɗan buɗe da shigowar sabon hatsi, kuma makarantar su Hamdiya ta koma. Ya ɗaga Bilyaminu sama, ya ji nauyinsa, ya sauke shi.

"Tafi da Hamdiya ta yi karatunta," in ji Batula. "Wanga kau ka bar min shi sai ya ƙara ƙwari."

Lauwali ya ce to, Inna. Ta ɗaura masa damin gero ɗaya a bayan babur, ta ƙulla wa Atu kuka da daddawa a leda. Hamdiya ta yi kuka da za su tafi, har da ƙanƙame zanen kakarta.

Da ƙarar babur ta ɓace, Batula ta goya Bilyaminu duk da ya wuce goyo, ta ɗauki ƙwarya. Mu'minatu na jiran ta a bakin hanya, za su roron wake.