Wainar Kabeji ta Mutanen Magarya

Tukunya biyu Muhibba take ɗorawa kullum a gidanta na unguwar Ulaisha, kuma ba don yawan baki ba, su uku ne rak. Maigidanta Ghali direban motar kai kaya ne a Riyad. Shekara da shekaru yana ƙasar nan, amma in dai ba tuwo ba ne ko dambu ko shinkafa da wake, to a wurinsa ba a yi girki ba. Ko kabsa, shinkafar Larabawa, aka ajiye masa sai ya dube ta kamar ta zage shi. 'Yarsu Khalida kuwa, wadda aka haifa a nan, tana hango miyar kuka sai ta toshe hanci ta ce da Larabci ita wallahi ba za ta iya ba. Hausar ma a bakinta kamar aro aka ba ta.

Ranar da tura ta kai bango, Khalida ce ta ture kwanon tuwo da ɗan yatsa ɗaya, ta ce a kawo mata soyayyar kaza daga waje. Ghali ya wanke hannunsa a natse, ya ce, "Muhibba, ki saurare ni. In aka yi hutun makaranta yarinyar nan ba ta fara cin abincin gida ba, Gumel zan kai ta wurin Yaya Fatsuma, ta zauna can sai ta zama mutum."

Ghali ba ya magana biyu, ita kuma Muhibba 'yar ke nan ɗaya tilo Allah Ya ba ta. Ranta ya ɓaci, ta rasa wanda za ta fara jin haushi tsakanin uban da 'yar. Ta gwada lallashi, ta gwada ido, ta gwada ɓoye ɗanwake a ƙarƙashin tumatirin kwalba. Duk a banza.

Maƙwabciyarta Delou ta kai wa kukanta. Delou 'yar Maraɗi ce, tana aikin gida wurin wasu Japanawa a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, kuma ba ta taɓa jin matsalar da ta fi ƙarfin dariyarta ba.

"Yarinyar nan ba ita ce ke kwana ta tashi a gaban zanen wasan Japanawa a talabijin ba?" in ji Delou. "To ɗauko kabeji."

"Kabeji kuma?"

"Ke dai ɗauko, uwar tambaya."

Delou ta yayyanka kabeji siri-siri har ya cika roba. Ta kaɗa fulawa da ƙwai da ɗan ruwa da gishiri, ta zuba lawashin albasa, ta juye kabejin a ciki ta cakuɗa sama-sama. Muhibba ta leƙa ta ce ai kabejin ya fi ƙullin yawa. Delou ta ce haka ake so, ƙullin riƙe shi kawai zai yi. Ta shafa mai a kasko, ta zuba ta baje shi da kauri, ta rufe, ta rage wuta. Da ƙasan ya yi ja sai ta kifa faranti ta juya shi. A ƙarshe ta shafe saman da tumatirin kwalba da aka gauraya da miyar waken soya, ta ja masa zanen mayonis.

"Okonomiyaki Japanawa suke ce mata, amma kada ki wahalar da harshenki. Su da ranar da uwargida ba ta jin girki suke yin ta. Ba abin da ba ki samu a baƙala, kantin nan na bakin layi, kuma ko ƙarshen wata ne ba ta gagarar kowa."

Muhibba ta gutsura ta ɗanɗana. Waje rumus, ciki laushi, ga zaƙin kabeji. Can ta ce, "Delou, wannan ai wainar fulawa ce da ta yi ilimi!" Suka tuntsire da dariya, kuma kafin dariyar ta ƙare shaiɗan ya riga ya raɗa wa Muhibba abin yi.

Khalida ce Muhibba ta fara kira zuwa kicin. Ta gaya mata gaskiya tsagwaronta, cewa abincin Japan ne, amma in Baba ya ji sunan zai hana, don haka bakinta alekum. Yarinya ta zaro ido, ta cinye faranti guda a tsaye.

Na Ghali kuwa ba ta sa masa mayonis ba. Dakakken busasshen kifi ta zuba a ƙullin, ta barbaɗe saman da yajin ƙuli.

"Wannan fa?" ya tambaya yana shinshinawa.

"Haba Malam, wainar kabeji ce ba ka sani ba? Ta mutanen Magarya. Kakata ce take yi mana."

Kakarta dai 'yar Magarya ce da gaske, can Nijar, Allah Ya ji ƙanta, amma baiwar Allah har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa haɗa kabeji da fulawa ba. Ghali ya ci, ya gyaɗa kai, ya ƙara. Da ya ɗaga ido ya ga Khalida tana kai loma ba ƙaƙƙautawa, sai ya ajiye tasa lomar yana kallonta. Ya ce, "Kin gani ko? Jini ba ya ƙarya." Muhibba ta ce ƙwarai kuwa, ta sunkuyar da kai don kada fuskarta ta tona ta.

Haka gida ya zauna lafiya. Tukunya ta koma ɗaya, ba a sake ambaton Gumel ba. Sai dai Ghali mutum ne da abin alfahari ba ya kwana a cikinsa. Duk majalisar da ya zauna, daga unguwar Dira har ta Bataha, sai ya ba da labarin wainar Magarya da ta shiryar masa da 'ya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo yana washe baki. "Muhibba, ɗora kasko! Na samo miki ɗan garinku. Malam Ikrima, ɗalibi ne a jami'a, haifaffen Magarya. Na ce yau sai ya ci abincin gida."

Wayyo! Muhibba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta soya wainar, ta ba Khalida ta kai falo, ita kuma ta laɓe a bayan labule tana salati.

Malam Ikrima saurayi ne siriri mai ladabi, irin wanda ko sauro ya cije shi sai ya ba shi haƙuri. Ya dubi farantin, ya dubi Ghali da ke jiran yabo, ya sake duban farantin. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin abin nan ba. To amma ina baƙo zai ƙaryata matar mai gida, a cikin gidanta, kan abincin da ta dafa masa? Kara ta hana.

"Ma sha Allah," in ji shi. "Wainar kabeji."

"Ka tuna gida ko?"

"Na'am, na tuna." Ya yi tari. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya, amma Ghali ya tsare shi da ido yana neman ƙari. "A... a wajenmu an fi yin ta da ƙaramar salla. Da kuma in an yi haihuwa."

Muhibba ta toshe baki da mayafi, hawayen dariya na zuba. Ta ce a ranta Allah Ya yi wa iyayen yaron nan albarka. Ba ta lura ba ashe Khalida na tsaye da butar shayi, kuma ta ji komai. Ga malami guda, mai gemu da carbi, ya shaida. Yarinya ta dire butar, ta faɗo kicin fuska murtuke.

"Mama, kin yaudare ni!" ta faɗa da Larabci, da muryar da har mai baƙala zai iya ji. "Kin ce na Yaban ne, ashe abincin Hausa kike ba ni!"

A falo kowa ya ji. Larabcin Ghali na titi ne, amma ya san Yaban ita ce Japan. Malam Ikrima ya tuna nan take cewa yana da darasi, ranar Juma'a kuwa, ya suri takalmansa ya fice ko shayin bai sha ba.

Ghali ya shigo kicin ya tsaya a bakin ƙofa. Khalida na gefe ta naɗe hannu. Ya ce, "To, Muhibba. Ta ina ce?"

Gaba kura, baya sayaki. In ta ce ta Japan ce, 'yarta ta tafi Gumel. In ta ce ta Magarya ce, yarinya ta daina ci, nan ma Gumel. Tsoro ya kama ta sosai. Akwai sauran ƙulli a roba, sai ta juya musu baya ta zuba shi a kasko, don hannunta ya sami abin yi.

Mai ya yi cuuu. Ƙamshi ya cika kicin. Ba wanda ya tafi. Ta juya wainar, ta sauke a faranti, ta ajiye a tsakiya ba mayonis ba yaji.

Khalida ta harari farantin. Tun safe ba ta ci komai ba, tana jiran wainar. Ta haɗiye yawu, ta matso, ta gutsuri gefe kamar mai yi wa wani alfarma. Ta sake gutsura. Sai ta ɗago ta dubi ubanta, ta harhaɗo 'yar Hausarta da ƙyar.

"Ko na Hausa ne, ina so. Mama, ƙara mini. Da yaji irin na Baba."

Muhibba ta saci kallon maigidanta. Ya riga ya gane komai, ta gani a idonsa. Ya san ƙaryar kaka, ya san ta malam, ya san makonni ke nan yana yawo da abincin Japanawa a baki yana cika wa mutane kunne. Ya daɗe yana kallon 'yarsa tana dangwalar yajin ƙuli tana hura baki. Sannan ya naɗe hannun riga ya zauna kusa da ita a kan tabarma.

"Ta Magarya ce mana," in ji shi. "Ba ki ji malam ya faɗa ba? Har da haihuwa ana yi. Ci abinki, ba inda za ki."

Muhibba ta juya wajen kasko don kada su ga idonta ya cika. Da ta zo ajiye masa ruwa, Ghali ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ki gaida mini kakar taki ta Japan. Kuma gobe ki ƙara kifi."