Hannun da Ke Washi

Ƙungiyar matasanmu ta hokin ƙanƙara ta dawo gida Finland daga gasa a matsayi na bakwai. Bayan mako biyu hukumar wasan ta turo Pentti Rautio filin atisaye ya rubuta rahoton abin da ya faru. Ya fara da koci, ya bi ta kan likita da mai dafa abinci. Ranar Laraba da hantsi ya iso ɗakin washi, inda babana Aulis ya shekara ashirin da shida yana wasa ƙarafan da ke ƙarƙashin takalman da 'yan wasa ke sulɓi da su a kan ƙanƙara.

Ni, Vuokko, ban yi nisa a makaranta ba, magana da mutane kuma wahala take ba ni, shi ya sa Baba ya ɗauke ni ina goge takalma ina jerawa. Iyakar abin da aka sani ke nan. Amma shekara biyu ke nan da idonsa ya dushe. Ƙarfen takalmi baki biyu gare shi, da ɗan kwarmi a tsakani. In dutsen injin bai zauna daidai tsakiya ba, baki ɗaya zai fi ɗaya tsawo, yaro ya zo juyawa ƙafa ta tafi ta bar shi. Baba ya daina ganin tsakiyar. Don haka in an rufe ƙofa ni nake riƙe takalmin, shi yana gefe yana sauraren kukan dutsen har ya ce, "Ya isa." Gasar kuwa a ƙasar waje aka yi, mai washi ɗaya ake tafiya da shi, kuma sunan Baba ne a takarda.

Baba da Pentti tare suka taso. Pentti yana shigowa ya ɗaga kofin Baba ya leƙa.

"Tsoho, kofin nan ya taɓa ganin sabulu kuwa?"

"Kai tumbin nan ya taɓa ganin atisaye? Zauna a hankali, kujera ɗaya gare ni."

Na zuba musu kofi na ajiye burodi mai kirfa, na koma bayan injin.

Pentti ya buɗe takardunsa. Ya ce tsaron gida ya yi rauni, gola ya yi iya ƙoƙarinsa, koci ya gajiyar da yara huɗu ya bar saura a benci. Duk wannan an gama. Saura shafi ɗaya. An ba yaran takarda su sa wa kowane sashe maki daga ɗaya zuwa biyar. Washi lokacin atisaye a gida, biyar. Washi a wurin gasa, biyu.

"Na kalli wasan ƙarshe sau uku," in ji shi. "Faɗuwa goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa su. Duk a juyin hagu."

"Ƙanƙarar can laushi gare ta," in ji Baba.

"Abokan karawar a kan siminti suka yi wasa?"

Pentti ya jawo jakar takalman da aka dawo da ita daga gasar, ya zaro takalmi ya kife shi, ya ɗora kwabon yuro a kan ƙarfen. Kwabon ya karkata. Ya ɗauki wani takalmin daga kan kanta, cikin waɗanda na wasa da safe. Kwabon ya zauna daram.

"Aulis, hannu ɗaya bai yi waɗannan biyun ba. In na rubuta sakaci ne, za a sallame ka ba ko na gode. In akwai wata magana, faɗa min."

Baba yana juya kofinsa. Na san in na yi shiru shi ma shirun zai yi, a rubuta sakaci a kan shekara ashirin da shida. Sai na ɗauki takalmin da ya karkata, na ɗaure shi a injin, na kunna. Na bi da shi sau huɗu. A na biyar Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ya isa."

Na miƙa wa Pentti. Ya ɗora kwabon. Ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe, 'yata?" in ji Pentti.

"Shekara biyu," in ji Baba. "Vuokko ba ta son tambaya. Ni ka tambaya."

"Kai jaki ne, tsoho. Da ka faɗa, da ita aka tafi."

"Na sani."

Rahoton ya fito a watan Maris, shafi talatin da ɗaya. Maganar washi layi biyu ce a shafi na sha huɗu: Aulis ya ajiye aiki saboda lalurar ido, an ba 'yarsa wurin. Kalmar sakaci ba ta ciki.

Ranar Litinin Baba ya ba ni rigar aikinsa ta fata. Ta yi min tsawo, ya sa almakashi ya rage ta, yankan ya karkace ta hagu. Na sa ta a haka. Ya jawo kujerarsa kusa da injin ya zauna, na ɗauki takalmin farko.