Tunatarwar Marigayiya

A kan idonsa rubutun matarsa ya fara ɓacewa daga kalandar kwamfuta. Na Litinin ya tafi, na Talata ya bi bayansa. Tsohon direban ya ture kofin shayi, ya durƙusa ƙarƙashin tebur da gwiwoyinsa masu ciwo, ya fizge wayar intanet daga bango.

Kafin ta rasu, ita ce ta cika kalandar gidan da tunatarwa masu maimaita kansu, ba ta kuwa sa musu ranar tsayawa ba. Kullum da safe sai kwamfutar ta yi 'yar ƙara: "Sha maganinka, sarkin taurin kai." Ranar Laraba: "Gemun nan ya isa aski, kada a ce ba ka da mata." Muryar da ta rage masa a gidan ke nan.

Ya kira autarsa, wadda aure ya kai wata ƙasa.

"Ke Auta, me kika taɓa?"

"Baba, a wayata na goge. Kullum sai saƙon Mama ya tashe ni, zuciyata ta kasa ɗauka."

"To ina ruwan wayarki da kwamfutata?"

"Ai kalanda ɗaya ce. Ainihinta tana intanet, taka kwafi ce kawai. Da ta samu layi sai ta leƙa can, abin da aka goge ita ma ta goge."

"Ta leƙa mu gani. Na zare wayar intanet ɗin."

"Ka zare? Baba, da me za ka ga jikokinka ran Asabar? 'Yar wayar nan taka ko hoto ba ta nunawa!"

Ya zuba wa allon ido. Daga Laraba zuwa Lahadi, marigayiya tana nan daram.

Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, bai ga fuskar jika ko ɗaya ba. Ran Laraba yakan aske gemu yana ce wa kwamfutar, "Na ji, uwar 'yan faɗa." Litinin da Talata kuwa gidan tsit, har magani yakan manta.

Wata Talata da hantsi aka buga ƙofa. Wani ƙato ne da jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Sannu, Baba. Daga kamfanin intanet nake, 'yarka ce ta turo ni. Ta ce kada in kuskura in bar gidan nan sai kwamfutar ta hau layi."

Tuni ƙaton ya fara cire takalmi.