Fuskar Tela Ta Washe

Aska na taɓa haɓar Tela wani ƙurji ya fashe, mugunya ta tsarto a babban yatsan Mai Aski. Ya haɗiye yawu, ya goge yatsan a tawul har sau uku.

Bango ɗaya ya raba shagunansu, kuma shekara goma sha tara ke nan yana gyara wannan fuskar. Amma tun da aka ɗora Tela a kan sabon maganin ciwon dajin huhu, fuskar ta zama wadda ba a kallo kafin cin abinci. Ƙuraje masu farin kai daga goshi har wuya, fatar hanci na saɓewa, gefen farce ya kumbura yana tsatsar ruwa. Ga wani ƙarni da turare ba ya dannewa.

"Likita ta ce alama ce maganin na aiki," in ji Tela, yana murmushi da tsagaggen leɓe.

"To, Allah ya ƙara sauƙi," in ji Mai Aski, yana numfashi ta baki.

Mako na zagayowa ya tarbe shi da safar hannu biyu-biyu, ya fitar da kujera waje, wai iska ta fi kaɗawa. Da ya gama ya ɗauki tawul ɗin da yatsa biyu ya jefa a shara. Tela na gani.

Bayan wata guda sai ga fuska ta washe sumul. Mai Aski ya ji daɗi har ransa.

"Kai maƙwabci, saurayi ka koma?"

"Yau dai ka yi mini da hannunka," in ji Tela, yana tari.

Tarin nan bai sake shi ba. Wata biyu a tsakani aka kai shi makwancinsa.

Ranar da matarsa ta zo kwashe shagon, ta ce, "Baban yara ya ce ka riƙe almakashinsa. Yana aljihun keken ɗinki."

Mai Aski ya jawo aljihun, matar ta leƙa ta dafe ƙirji.

"Kullum da maganin yake fita, ya ce a shago yake sha."

Mai Aski bai taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda ya ji ta kansa ba. Tsakanin zare da maɓallai, ga katunan magani nan jere, ko ɗaya ba a ɓalle ba, an ɗaure su tsaf da ƙyallen yadi.