Kamu Huɗu da Rabi

A duk faɗin Mandawari babu gidan da aka gina da ilimi sai na Injiniya Abdulbaqi. Shi da kansa ya sanar da mu ranar da suka tare, yana tsaye a bakin sabuwar ƙofarsa ta ƙarfe, 'yan dako na ta shiga da kaya.

"Malam Isyaku, babu taku ɗaya a gidan nan da ban lissafa ba," ya ce da ni. "Soro ɓarnar fili ne. Na cire shi."

Na gyaɗa kai. Ni ne maƙwabcinsa na jikin katanga, tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma tarihi ya koya mini yin shiru a gaban mai sabon gini.

A madadin soro ya yi wata siririyar hanya, wadda ta karya dama ta sake karya hagu kafin a kai tsakar gida, don kada na waje ya hango na ciki. Ya lulluɓe bangonta da tayil ɗin da ya ce daga Sifen aka kawo. A nan katifa ta maƙale wa 'yan dako. Sai da suka naɗe ta gida biyu, wani na ja wani na turawa, sannan ta wuce.

Mahaifiyarsa, Hajiya 'Yardada, tana zaune kan akwatinta na ƙarfe a ƙofar gida tana kallo. Daga Madabo ya ɗauko ta, bayan damina ta cinye rabin ɗakinta. Shekara arba'in ita ke wanke matan unguwarsu idan sun rasu. Da katifa ta wuce sai ta miƙe, ta shiga hanyar, ta ɗora gwiwar hannu a bango tana aunawa.

"Malam," ta kira ni, "makarar masallacinku kamu nawa ce?"

Na ce ban taɓa aunawa ba.

"Huɗu da rabi ce, ko'ina haka take. Abdu, ba za ta juya a nan ba. Ta ina za a fitar da ni?"

"Haba Hajiya! Ranar tarewa?"

"Yau zan yi magana mana. Ranar ai ba ni da baki."

"A kwamfuta fa aka zana gidan nan."

"Kwamfutar ta taɓa ɗaukar gawa?" Ta buga kusurwar da tafin hannu. "Fasa nan."

"Tayil ɗin babu irinsa a kasuwa, Hajiya."

"To. Na ga yadda aka yi wa katifa. Na wanke mata sun fi ɗari, ban bari an fito da ko ɗaya a karkace ba. Ni ba za a naɗe ni ba."

An shirya mata ɗaki a can ciki, da na'urar sanyaya ɗaki da banɗaki a jiki. Ko leƙawa ba ta yi ba. Daga shiga ƙofar gida, kafin hanyar ta karya, akwai wani ɗan ɗaki da Injiniya ya ware wa janareta. Nan ta nuna wa 'yan dako.

"Ku fitar da wannan, ku shigar da gadona."

Suka dubi mai biyansu, suka dubi wadda ta haifi mai biyansu, suka fitar da janareta.

Kwana uku tana jere. Ta ɗora kwalla kan kwalla, langa kan langa, har suka kusa taɓa rufi. Ta shimfiɗa buzun sallarta, ta rataye carbi a ƙusar da aka kafa don wayar lantarki. Akwatin ƙarfen ta tura ƙarƙashin gado. Ta gaya mini likkafaninta ne a ciki, an wanke shi da zamzam tun tafiyarta hajji. Surukarta Sa'adiyya kan kawo mata tuwo ta roƙe ta ta dawo ciki, don mutane na magana.

"Su yi ta yi. Daga nan zuwa titi a miƙe yake."

Mutane kuwa sun yi maganar. Duk baƙon da Injiniya ya kawo ya ga tayil ɗin Sifen, sai ya fara durƙusawa a ɗakin janareta ya gaida tsohuwa. Janareta kuma na waje ƙarƙashin leda, ya zama wurin zaman 'yan unguwa.

Wata bakwai aka yi haka. Sai ciwo ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti. Da aka sallamo ta ba ta iya tsayuwa. Injiniya ya ce likita ya hana ta zafi, don haka aka ɗauke ta a kujera aka wuce da ita ɗakin ciki. Na shiga duba ta da la'asar. Ɗakin sanyi ƙalau, babu komai nata a ciki sai ita.

"Malam Isyaku, ka shaida," ta ce, da ƙyar nake jinta. "Ɗauko ni aka yi."

"Za ki warke ki koma, Hajiya," in ji Injiniya.

Ta dube shi. "Ba na naɗuwa, Abdu."

Ranar Alhamis da hantsi ta rasu. Matan Madabo suka zo suka wanke ta, suka buɗe akwatin ƙarfe. Mu huɗu muka ɗauko makara daga masallaci. Ta shiga ƙofar ƙarfe lafiya, ta wuce ɗakin janareta, ta isa kusurwa ta tsaya. Muka karkata ta, muka ɗaga kanta, muka koma da baya muka sake gwadawa. Kamu huɗu da rabi ce.

"A bar makarar a nan," in ji wani dattijo a bayanmu. "A ɗauko Hajiya a tabarma, a ɗan lanƙwasa a wuce. Ai babu laifi."

Babu laifin kuwa, kowa ya sani. Injiniya ya fita, ya shiga gidan Shehu magini, ya dawo da babbar guduma. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini. Shehu ya ce ya kawo ya yi masa, Injiniya ya girgiza kai.

Bai iya riƙon guduma ba. Bugun farko tayil ne kawai ya tarwatse. Bulon ciki kuwa, a gaskiya an zuba masa siminti da ilimi. Ya kusa minti arba'in yana bugu, jama'a na tsaye a rana, liman na duba agogo, babu wanda ya ce a yi sauri. Ya gama da kusurwar farko ya koma ta biyu.

Hajiya 'Yardada ta fito a miƙe, a rufe, a kafaɗar mutum huɗu, muna taka fasassun tayil.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kusa da janareta. Ina gefen Injiniya, na ga tafin hannunsa duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Mutanen Mandawari da na Madabo suka jeru, kowa ya zo sai ya kama hannun ya matse, ya ce Allah ya jiƙanta. Shi kuma ya ce amin, ya miƙa wa na gaba.